Rahila, Ki Tofar

Withington, Manchester

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kin sauka Birmingham lafiya, kin sami Gwaggonki Laraba da yaranta ƙalau. Allah ya tsare ki a ɗaki da kan hanya da wurin aiki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar sanyi ko da kin ga rana ta fito.

Na san Hausarki ta Withington ce, tana tafe tana ɗingishi. Ki daure ki karanta da kanki ko da zai ɗauke ki mako guda. Kada ki kai wa Laraba ta karanta miki, don kafin ta kai ƙarshe duk unguwarku ta Sparkhill ta ji. Da na rubuta da Turanci, to Turancina na ba GP, likitan unguwa, haƙuri ne da tambayar direban bas hanya, ba zai ɗauki wannan magana ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, babu wani labari. A tashar mota na so in yi miki magana, bakina ya yi nauyi, na tsaya ina tambayar ki ko kin ɗauki cajar waya. Ga maganar. An ɗauke ki aikin ɗanɗana ruwan inabi a kamfanin da ke shigo da giyar ƙasar Jojiya, aikin da na yi har ya cinye ni. Ban hana ki ba, don ba ni da bakin hanawa, kuma a zamanin da masu digiri ke wanke kwanuka a Wilmslow Road, wane uba ne zai ce wa 'yarsa ta ƙi aiki? Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da aka zuba miki a kofi, ki shinshina, ki kurɓa, ki juya shi a baki, sannan ki tofar. Na san za ki taɓe baki ki ce ai ranar farko ake koyar da wannan. Ni ma ranar farko da na kai kofi baki aka koya mini.

Kina sakandare lokacin da na shiga, abin da kika sani kawai Baba ya canza aiki. Kafin nan ina gidan yinin tsofaffi na council, wato ƙaramar hukuma, in ɗauko su da safe a mota, in ba su shayi, in mayar da su da yamma. Da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, aka tara mu a ɗakin cin abinci, wata mata ta zo da murmushinta ta ce za a sake tsari. Sake tsarin shi ne kwaɗo a ƙofa. Cikin tsofaffin akwai wata 'yar Jojiya da hankalinta ya fara gushewa, ba ta yarda kowa ya sa mata takalmi sai ni. Mijinta shi ne Zura mai shagon ruwan inabi, wanda kika saba kira Kaka Zura. Ranar da aka rufe gidan ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, “Petre, bayanka yana da ƙarfi? Ina da kwalaye.” Bai taɓa iya cewa Bitrus ba har yau.

Kin san mu a majami'armu ba a shan giya, ko a Jibin Ubangiji ruwan 'ya'yan itace ake zubawa, a can gida Najeriya kuma zoɓo. Na je wurin Fasto, ya ce in dai ɗaukar kwali ne kawai, in ɗauka, Allah ya ga halin da ake ciki. Mamanki ce ba ta yarda ba. Tana goge tukunya, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, “Baban Rahila, ni na san ka. Ba ka iya ganin abu a rufe ka wuce ba ka leƙa ba.” Na ce mata ta cika baƙin baki, na fita abina.

Wata rana ina kwashe kofuna bayan masu saye sun tafi, na wuce wata kwalba a buɗe, na ce wa Zura wannan tana warin kwalin da ruwa ya jiƙa aka manta da shi a sito. Ya shinshina, ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya tuntsurar da ita a kwatami. Sai ya jera mini kofuna ya ce in faɗa masa abin da hancina ya ji. Na ce wannan tsamiya, wannan zuma da busasshen ɓawon lemo, wannan kuwa ƙasa ce da aka yi wa yayyafin farko. Tsohon nan har da tafi. Ni ban yi mamaki ba, don kakarki ta dafa burukutu a Kagoro kafin ta tuba, kuma wucewa kawai take yi ta gaban tukwane ta ce waccan ta yi, waccan a ba ta kwana. Hancinta na gada, ke kuma kika gaje ni, kuma naki ya fi nawa.

Kuskurena na fari ke nan, na ji daɗin yabo fiye da kima. Mutumin da aka share daga aiki kamar shara, in aka ce masa kai gwani ne, ba ya tsayawa tambayar gwanin me. Za su yabe ki, Rahila. Za su kira juna su ce ku zo ku ga yarinyar nan 'yar Najeriya abin da hancinta ke yi. Ki ce na gode, ki wanke kofinki, ki kama bas ɗinki ki koma gida. Yabon nan shi ke sa mutum ya tsaya bayan an tashi aiki, kuma bayan an tashi aiki babu mai ajiye bokitin tofarwa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce abin babu kyau ba. Da babu kyau ai da bai kama ni ba. Ban taɓa zuwa Jojiya ba, ban taɓa ganin gonar inabi da idona ba, amma Zura ya zagaya da ni ƙasar tasu ta hanci har na san gabas da yamma. Ya ce a gabas, yankin Kakheti, a nan Saperavi yake, baƙin inabin da ba fatarsa kaɗai ba, har namansa ja ne, ruwansa kamar na marina. Yana ɗaure baki kamar ɗanyen goro in yana sabo, in ya kwana biyu a kwalba sai ya sauko ya yi laushi. A nan kuma Rkatsiteli yake, farin inabi mai tsami, sunan da na yi wata ina cizon harshe kafin in iya faɗa. Akan haɗa shi da Mtsvane, wanda ƙamshinsa ya fi sauƙi, kamar ciyawar da aka yanke yanzu.

Abin da ya fi kashe mini jiki shi ne randa. Ashe su ma a randa suke yi, Rahila. Ƙatuwar randar ƙasa wadda mutum zai shiga ciki ya tsaya, a shafe cikinta da kakin zuma, a binne ta har wuya a ƙasan ɗaki. Sai a zuba inabi da fatarsa da ƙwayarsa, wani lokaci har da kara, a bar shi ya tafasa da kansa, sannan a rufe baki da dutse da yumɓu, ba a buɗewa sai sanyi ya wuce. Farin inabin da aka yi wa haka ba ya fitowa fari, yana fitowa kalar shayin da ba madara. Ranar da na fara sa hancina a irin wannan, sai ga ni a bayan ɗakin kakarki ina yaro, ga tukwane a jere an rufe su da faifai. Na yi shekaru a ƙasar nan babu abin da ya mayar da ni gida kamar wannan kofin, sai na ɗauka abin da ya kai ni gida ba zai cuce ni ba.

Har lokacin shinshinawa kawai nake yi. Ranar da Zura ya ce hanci kaɗai bai isa ba sai da harshe, ya ajiye bokiti a gabana ya nuna mini yadda ake yi, na yi, ba wata wahala, don daga ni sai shi a sito. Matsalar ta zo ranar da wani dattijo ɗan'uwansa ya zo daga Kakheti da kwalabe marasa takarda a jiki, daga randar da ubansa ya binne da hannunsa. Da rana ne, aka kira masu gidajen abinci su zo su ɗanɗana. Dattijon da kansa yake zubawa, yana riƙe kwalbar da hannu biyu. Turawan nan kowa ya kurɓa, ya kuskure baki, ya juya ya tsartar a bokiti, ya rubuta wani abu, ko kallonsa ba sa yi. Da ya zo kaina ya zuba mini, ya tsaya yana kallon fuskata.

To ke dai kin san gidan da na fito. A gidanmu in babba ya miƙo maka ruwa, ko da ƙwaro a ciki, sai ka kau da ƙwaron ka shanye ka yi godiya. Kakarki ma da take ɗanɗana burukutunta ta tofar a gindin murhu, nata ne, ita ta dafa. Na wani kuwa, wanda ya tsallako ƙasashe ya kawo, yana tsaye a gabanka da furfurarsa, ka tofar? Na riƙe abin nan a baki har ya fara ɗumi, bokiti na nan kusa da ƙafata, na kasa. Na haɗiye. Dattijon ya ajiye kwalba ya rungume ni yana magana da yarensu. Zura ya ce, “Ya ce duk ɗakin nan kai kaɗai ne ɗan mutane.”

Kada ki ɗora wa Zura laifi, don da mutane suka watse ya ja ni gefe, fuskarsa ba wasa. Ya ce, “Petre, shi manomi ne, sau ɗaya yake girbi a shekara. Kai kullum za a zuba maka. Ka tofar.” Na ce to. Amma kowace kwalba da mai ita, kuma kowane mai ita yana tsaye yana kallon bakinka. Sau ɗaya na daure na gwada a gaban jama'a, ban iya ba, Saperavi ya dalalo mini ta haɓa ya ɓata farar rigata, wani yaro mai gidan abinci ya kwashe da dariya. Daga ranar nan, kunya ta zama biyu, ta dattijo da ta riga, na ce haɗiyewa ta fi mini mutunci. Har suna aka sa mini, ɗan Afirkan da ba ya tofarwa, kuma ina jin daɗin sunan. A yini guda sai a buɗe kwalabe cike da tebur, kurɓi ɗaya ɗaya, in tashi ina cewa ai ban sha ba, aiki na yi.

Saboda haka ga abin da za ki yi, kuma kada ki ce Baba ya fara ruɗewa. Ki shiga banɗakin Laraba da kofin ruwa, ki tsaya gaban kwatami ki yi ta koyon tsartarwa har ruwan ya riƙa fita siriri a miƙe ba ya taɓa haɓarki. In yaranta sun yi miki dariya ki ƙyale su. Ki sa riga mai duhu ranar ɗanɗano. Wanda ya iya tofarwa da kyau ba ya jin kunyar yi, ni rashin iyawa ya taimaka wajen kashe ni.

Ki ji tsoron mai zaƙi fiye da mai ɗaure baki. Akwai wani da ake yi a kan duwatsun Racha, Khvanchkara, ja ne mai ɗan zaƙi, Zura ya ce sanyin wurin ne ke tsayar da tafasar kafin zaƙin ya ƙare. Kin san me na ce da na ɗanɗana? Na ce wannan ai ƙanin zoɓo ne. Shi ne na fara kawowa gida. A wannan sana'a, in an gama ɗanɗano, kwalaben da aka buɗe ba sa sayuwa, sai a ce ma'aikata su ɗauka. Ni kuma an rene ni a kan ba a zubar da abin ci, sai na riƙa sa su a jaka ina cewa asara ce a bari. Ke ma za a ce ki ɗauka. Ki ce a gidan Gwaggonki kike, unguwarku ma ba a shiga da kwalba, ki bar musu su zubar. Zubarwar tana da ciwo a ido, na sani, ki juya baya kawai.

Shekarar da kakarki ta rasu ban samu zuwa gida ba, kin tuna. 'Yan majami'a sun zo sun cika mana gida, sun yi waƙa, sun yi addu'a, Allah ya saka musu, suka tafi. Babu wanda ya tambaye ni wace irin mace ce. Zura ne ya kira ni gidansa ranar Lahadi da rana, ya tara 'yan ƙasarsu, tebur cike da abinci. A al'adarsu akwai mutum ɗaya da ke jan ragamar tebur, shi ke tashi ya ce a sha don Allah, a sha don zaman lafiya, a sha don waɗanda suka riga mu. Da aka zo kan matattu ya ɗauko ƙaho, ƙahon dabba na gaske da aka yi wa bakin azurfa, ya cika shi. Ƙaho ba shi da gindi, ba a iya ajiye shi sai an shanye. Ya miƙe tsaye ya kira sunan Ladi, sunan uwata, a bakin baƙo a Manchester, ya ce in faɗa musu yadda take. Na faɗa. Kukan farko da na yi mata a teburin nan na yi shi, sannan ya miƙo mini ƙahon na shanye.

Ban taɓa ganin karamci irin na ranar nan ba, kuma ban taɓa yin abin da ya cuce ni kamarsa ba. Tun daga ranar nan, baƙin cikina ya san inda ake samun sauƙi. Kafin nan kunya ce ke sa ni haɗiyewa, bayan nan kuwa nema nake yi. Mutanen da za ki yi aiki da su mutanen kirki ne, Rahila, za su so ki, za su kira ki teburinsu, kuma wannan shi ne abin tsoron. Da mugaye ne da kin san yadda za ki ƙi.

Saperavi ba ya rufa wa mutum asiri, yana rina harshe da haƙori. Ina cikin masu raba kofunan Jibin Ubangiji a lokacin. Wata Lahadi bayan sujada Mama Asabe, tsohuwar nan shugabar zumuntar mata, ta riƙe hannuna ba ta saki ba, ta ce, “Bitrus ɗana, me ya rina maka baki haka?” Na ce zoɓo ne. Ta ce, “To Allah ya sa zoɓon ne,” ta sake ni. Ba a daɗe ba dattawa suka kira ni suka sa ni ƙarƙashin horo, in riƙa zama a bencin baya. Ni Bitrus, a bencin baya, a gaban yaran da na koya wa waƙa? Zuciya ta ɗebe ni, na ce su riƙe majami'arsu. Kina gani kuna tafiya ke da Mamanki ina kwance ina cewa kaina ke ciwo. Da na zauna a bencin nan, da aƙalla duk mako akwai idon da zai duba bakina.

Ki nemi majami'a a Birmingham, kuma ki faɗa wa Fasto aikinki da bakinki tun kafin Laraba ta faɗa masa da nata. Wataƙila su ɓata fuska, wataƙila su ma su nuna miki baya. Ki zauna a inda suka nuna. Ba na ce sun fi ki ba ne, wasunsu na san abin da ke cikin firjinsu. Amma kina buƙatar mutanen da za su yi miki tambayar da ba kya so.

Mamanki ba ta tafi ta bar ni ba, kin sani. Faɗa ta daina, kuma wannan ya fi tafiya ciwo. Ranar ƙarshe da ta yi mini magana a kan abin, ta tarar da kwalabe a bayan injin wanki, ta jera su a kan tebur, ta zauna. Ta ce, “Ni ba zan ƙara cewa komai ba, Baban Rahila. Na gaji da yi wa tsofaffin mutane wanka a wurin aiki, ga shi kana shirya mini wani a gida.” Ta tashi ta ɗora tuwo.

Ga abin da ba a faɗa wa sabon shiga: hancin da kansa yana mutuwa. Wata rana wani gidan abinci ya dawo mana da Rkatsiteli da ni na duba na ce yana da kyau. Zura ya zuba a kofi ya miƙo mini ya ce, “Me ka ji?” Ban ji komai ba, Rahila, kamar na sa hanci a ruwan famfo. Sai na fara karanto masa abin da na haddace, zuma, ɓawon lemo, busasshen ganye. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, “Petre, wannan ya riga ya zama ruwan tsami.” Bai kore ni ba, ya mayar da ni kan kwalaye. Yanzu kwalayen ma bayana ba ya ɗauka, ina zama a kantar shago da safe. Abin da na sayar da komai dominsa shi ma ya tafi, ko ƙamshin daddawar Mamanki ba na ji.

Maganar GP kuwa kin ji rabi, don mun ce kada mu ɗaga miki hankali kina jarrabawar ƙarshe a jami'a. Hanta ce. Kin ga idona, kin ga cikina, ba tuwo ba ne. Ya tura ni wurin masu taimakon mashaya, na je na tarar an rufe, irin sake tsarin da aka yi mana. An sa ni a layi a wani wuri can nesa, bas biyu. Wasu ranaku ina dainawa, wasu ranaku ba na iyawa. Likitan yaro ne mai ladabi, ba ya iya kallon idona in yana magana, ni kuwa na yi aiki da tsofaffi, na san ma'anar wannan.

Kuma ni na buɗe miki ƙofar nan. Lokacin da aka rage awannin laburare kika rasa inda za ki yi aikin gida, kina zuwa shago ki zauna a kan kwali. Ina kawo miki kofi kusa da hanci a matsayin wasa in ce me kika ji. Ranar da kika ce Mtsvane kamar filin wasa ne bayan an yanke ciyawa, da ɗanyen tuffa a ciki, na zagaya shago ina faɗa wa kowa 'yata ce. Mamanki ta ce in bari, ban bari ba.

Duk wannan da na rubuta, da na iya haɗiye shi in yi shiru, ba don abin da na gani ranar Juma'a ba. Da muka je yi wa Kaka Zura sallama, ya shiga ciki ya fito da kwalba marar takarda, ta ƙarshe cikin waɗanda dattijon Kakheti ya kawo, shi dattijon ma ya rasu tuni. Ya zuba miki da hannu biyu kamar yadda dattijon ya yi. Na ga ya tura miki bokiti da ƙafarsa, shi da kansa. Kika shinshina kamar gwana, kika kurɓa, kika juya. Kika dubi furfurarsa, kika dube ni. Sai na ga maƙogwaronki ya motsa. A hanya na ce me ya sa, kika ce da Turancinki na Manchester, “Haba Baba, ai rashin kunya ne in tofar a gabansa.”

Ban sani ba ko kin tuna gidan Baba Yohanna a Rusholme, dattijon majami'armu. Kina 'yar ƙarama, ko makaranta ba ki daɗe da shiga ba. Matarsa ta zuba miki gwate, ta cika masa gauta, ya yi ɗaci. Kika kai cokali ɗaya baki kika tofar a tafin hannunki a gaban kowa. Na ja ki zuwa bakin matakala na mare ki, na ce, “Abin da babba ya ba ki, ko wuta ce, ki haɗiye ki ce na gode.” Kika dawo kika cinye kwanon nan tas, hawaye na zuba a ciki, kika ce na gode. Duk ɗakin aka yi ta cewa Bitrus ya iya tarbiyya, 'yarsa ba ta zama Baturiya ba, ni kuma ina ta buɗe haƙora. Tun daga ranar ban ƙara ganin kin fitar da komai daga baki a gaban mutane ba, ko ƙayar kifi sai kin tashi kin shiga kicin. Hausa na koya miki ba ta zauna ba, waƙoƙin majami'a kin manta rabi, wannan kaɗai ya kama.

Shi ya sa ba ni da ƙarfin zuciya a kan wasiƙar nan. Takarda ce, wancan kuwa mari ne, na san wanda ya fi shiga jiki. Amma dai ni na sa dokar, ni ne kuma nake janye ta, ki ji da kyau. Na yi kuskure a bakin matakalar nan. Ki tofar a gaban manajanki, ki tofar a gaban mai gona ko da ya zo da sanda da furfura har ƙirji, ko da ya yi kuka. In an ce ba ki da kunya, ki ce ubanki ne ya ce. Dattijon Kakheti ya rungume ni sau ɗaya ya koma ƙasarsu, bai san ma abin da ya biyo baya ba.

Saura abu ɗaya. Ba da daɗewa ba za a kira ki a waya ki hawo mota ki dawo Manchester. 'Yan majami'a za su zo su yi waƙa su tafi. Na san Zura, in yana da rai zai shirya tebur ranar Lahadi, zai miƙe da ƙahon nan ya kira sunana yadda ya iya, ya ce ki faɗa musu yadda nake. Ki faɗa musu, kada ki rage komai. Sannan zai miƙo miki ƙahon da hannu biyu, kowa na kallo, kuma za ki ji kamar ƙin shanyewa cin mutuncina ne. Ki karɓa, ki shinshina, don ni na daɗe ban ji ƙamshinsa ba. Ki kurɓa, ki tofar, ki mayar masa da ƙahonsa a cike ya san yadda zai yi da shi. Wannan ce girmamawar da nake so, ba na son wata.

Allah ya kiyaye ki, 'yata, ya tsare bakinki da hancinki da hantarki, ya ba ki taurin idon da ban ba ki ba. Ya kai ki aiki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya sa ki tsufa kina jin ƙamshin ruwan sama. Ki gaishe da Laraba da yara. Ki riƙa kiran Mamanki, ba za ta ce tana kewarki ba, amma tana yi. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ne babanki,
Bitrus